Haruffa Huɗu Masu Ƙugiya

A cibiyar da nake koyon zane da kwamfuta a nan Damagaram, darasin tsara haruffa shi ne wanda ɗalibai suka fi ƙosawa a wuce. Kowa ya zo ne don ya iya gyara hoto, ya haɗa katin biki, ya yi kalanda ko fostar wa'azi ya samu na kansa. Ni kuwa darasin haruffan ne ya riƙe ni, har ya zama aikina na kammalawa: na ɗauki wani zubin haruffa, wato font, jerin haruffan kwamfuta masu salo iri ɗaya, da ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, na zana masa su manya da ƙanana, na buga ɗan littafin karatu da shi.

Malaminmu bai bari mun kunna kwamfuta ba da farko. Cewa ya yi kowa ya ɗauki wayarsa ya shiga gari, duk inda ya ga rubutu ya ɗauko hotonsa. Ni na faro daga kasuwar Dole, na ratsa Zango, na biyo ta tasha. Rubutu iri biyu na tarar. Akwai na masu fenti, wanda aka ja da buroshi a ƙofar shagon tela, da teburin mai kilishi, da bayan manyan motoci. Akwai kuma wanda inji ya buga a kan leda, mai inuwa da ƙyalli da launi barkatai. Na masu fenti, ko da ya ɗan karkace, daga nesa ake karanta shi, don mai buroshi ya san daga ina mai wucewa zai hango. Na injin kuwa sau da yawa sai ka matso ka tsaya kafin ka gane abin da ake sayarwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Hausar kanta take fitowa. Mu nan Nijar mun gaji rubuta ta da ƙa'idar Faransanci: Maraɗi ta koma Maradi, Tasawa ta koma Tessaoua, ciniki a rubuta shi tchiniki. Wannan kowa ya saba da shi. Amma ko waɗanda suka yi niyyar rubuta Hausa daidai, injin bai bar su ba. Na ɗauki hoton wata sanarwar rigakafi da aka buga da haruffa masu kauri, sai ga ɗ ɗin da ke cikin “ɗauke” ya fito siriri, ya fi ƴan'uwansa tsawo, da gani ka san ba gidansu ɗaya ba. A wani katin kuma, inda ƙ ya kamata ya zauna, ƴar akwati ce babu komai a ciki.

Malam ya bayyana mana dalili. Kowane zubi yana da iyakar haruffan da mai shi ya zana. Yawancin waɗanda muke saukewa daga intanet don harsunan Turai aka yi su, suna da é da ç da ñ, ba su da namu. In ka buga ɗ a zubin da ba shi da shi, kwamfuta sai ta aro daga wani zubin ta liƙa, in ba ta samu ba ta ajiye akwati. Shi ya sa masu ɗab'i da yawa suka haƙura suke sa d kawai. Wanda ya ƙware a karatu zai gane daga zancen ko fada ake nufi ko faɗa, kafa ko ƙafa. Mai koyo fa? Shi abin da ya gani shi zai furta.

Daga nan aka koma takarda. Malam ya sa muka ja layi huɗu: wanda haruffa ke zama a kai, wanda kan a da o da n ke tsayawa, na sama inda sandar b da d da k ke kaiwa, da na can ƙasa inda wutsiyar g da y ke sauka. Ya ɗaure fensir biyu da roba, ya ce mu riƙe su a karkace wajen digiri 30, kada mu juya hannu, mu rubuta o. Da na ja, sai ga o ɗin ya yi kauri a gefe biyu ya sirance a sama da ƙasa, ba tare da na nufa ba. Ya ce nan kaurin haruffan littafi ya samo asali, daga alƙalami mai faɗin baki na marubutan Turai na da, wanda masu sassaƙa haruffan ƙarfe suka kwaikwaya bayan Gutenberg ya fara ɗab'i a birnin Mainz na Jamus wajen 1450. Zubin Garamond na ƙarni na 16, da Times New Roman da aka yi wa wata jaridar Landan a 1932, in ka duba o ɗinsu za ka ga sawun alƙalamin. Irin su Helvetica ta 1957 ne suka share sawun, kauri ya kusa zama ɗaya ko'ina.

Wannan bai zo mini baƙo ba, don na yi makarantar allo, kuma Kawu marubuci ne a Birni, har yanzu shi ake kai wa allo ya yi zayyana in yaro zai yi sauka. Da la'asar na kai masa takardar. Ya juya ta, ya ce, “Ke, wannan ai fiƙar alƙalami ce. Miƙo wuƙar can.” Ya zaro kara, ya fiƙe bakinsa a karkace, ya ɗan tsaga shi a tsakiya don tawada ta riƙa gangarowa, ya tsoma, ya ja ɗa mai hannu kusa da o ɗina. Inda alƙalamin ya kwanta layin ya cika, inda ya miƙe ya ɗan rame, akasin na boko, amma dalilin ɗaya ne. Sai na tuna tun muna yara da siffa ake kiran mana baƙi: ɗa mai hannu, ta kuri, lam ara, nun guda. Almajiri ya san harafi yana da hannu da ciki tun bai ji labarin kwamfuta ba.

Na ce, “Allah gafarta Malam, ku ja mini ɗ na boko da shi mana.” Na zana masa a ƙasa da yatsa don ya ga siffar. Ya duba, ya sake tsoma alƙalami. Ni duk rayuwata d nake rubutawa, sannan in koma sama in maƙala masa ƙugiya. Kawu bai yi haka ba. Ya kewaya cikin, sannan ya ɗora alƙalamin a bakin ƙugiyar, can dama, ya lanƙwaso hagu ya gangaro da sandar har ƙasa, ja ɗaya, bai ɗaga hannu ba. Ƙugiyar ta fito daga jikin sandar, ta sirance a wuya, ta cika a baki. Takardar nan na manna ta a bango, ita na riƙa dubawa har na gama aikin. Mafi yawan munanan ɗ da nake gani a gari, ciwonsu ke nan: an zana d ne aka rataya masa wani abu. Harafin Hausa harafi ne cikakke, kuma daga ƙugiyar ake fara jan sa.

Tazara ta fi komai cin lokaci a aji. Malam ya yanko manyan haruffa a kwali ya ce mu jera DAMAGARAM a kan tebur. Waɗanda suka auna da rula suka ba kowane harafi tazara ɗaya, kalmarsu ta fito a yayyage, don A yana da fili a kafaɗunsa, M kuwa a tsaye yake ƙyam. Ya ce mu ɗauka tsakanin kowane harafi biyu tiya guda ta gero za a zuba, ba ƙari ba ragi: inda wurin ya yi baki-buɗe a matso da su, inda ya matse a buɗa. Ido ke aunawa. Ya koya mana mu juya takarda ƙasa ta koma sama don kada karatu ya ɗauke mana hankali, mu kanne ido mu ga inda fari ya taru. A nan na san cewa o da c da e suna ɗan haura layinsu sama da ƙasa da gangan, don in an yi su daidai da n sai su yi kamar sun fi shi ƙanƙanta. Sauran ƙa'idojin a allo ya rubuta mana: layin karatu ya tsaya tsakanin harafi 45 zuwa 75, tazarar layi ta kai kamar kashi 120 cikin 100 na girman harafi, zubi biyu sun isa shafi.

Da na bi tarihin haruffan namu, na ga ba yau aka fara fama da su ba. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko ɗigo suke sawa a ƙarƙashin b da d da k, wasu kuma waƙafi a sama. A shekarun 1930 masu ƙugiya suka zauna a ɗab'in Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. An yi taron Bamako a 1966 a ƙarƙashin UNESCO don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki, a nan gida kuma gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun a 1999. Bambancinmu da Najeriya da ya shafi aikina guda ne: su suna rubuta 'y, mu muna da ƴ. Mai zana wa Kano uku zai yi, mai zana wa Damagaram huɗu. Tun da kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, takardun da za su buƙaci haruffan nan ƙaruwa za su yi, kuma dole wani ya zauna ya tsara su.

Aikin kammalawa a gida na same shi. Yaya tana koyar da mata yaƙi da jahilci a unguwarmu, kuma takardun da take aiki da su kwafin kwafi ne, sun dushe. Wasu ma an buga su babu ƙugiya ko ɗaya, sai ta zauna da dare da bik tana bin shafi-shafi tana ƙara musu. Na ce, “Yaya, ki rubuta abin da kike so su karanta, ni zan tsara.” Ta rubuta gajerun labarai a kan abin da matan suka sani: layin ruwa da ƴan garuwa, awon ciki, cinikin ranar Alhamis, adashi, da karin magana a gindin kowane shafi.

Jikin rubutun bai ba ni wahala ba. Ƙungiyar SIL mai aikin nazarin harsuna ta fitar da zubi da dama kyauta masu ɗauke da haruffan Afirka, Charis da Gentium da Andika, Google ma tana da Noto. Andika na ɗauka, don masu koyon karatu aka yi shi: a da g ɗinsa irin waɗanda ake rubutawa da hannu ne, kuma babban I da ƙaramin l da lamba 1 ba sa kama da juna. Na sa girmansa lamba 18, saboda yawancin matan idonsu ya fara rauni, kuma da fitilar waya suke bita da dare. Kanun labaran ne na so su yi nauyi irin na masu fentin Dole, a hango su daga bakin tabarma. Na samu zubi mai kauri da ya kwanta mini, ba shi da ƙugiya ko ɗaya. Kafin in taɓa shi Malam ya sa na karanta lasisinsa. OFL ne, wanda ya yarda a gyara a kuma raba, da sharaɗin a bar shi a kan wannan lasisin, kada a sayar da shi shi kaɗai, in kuma mai shi ya keɓe sunan to a canza. Na sa masa sunan unguwarmu.

Da FontForge na yi aikin, manhaja ce ta kyauta, tsohuwar kwamfutata ma tana ɗaukarta. In ka buɗe zubi a ciki sai ka ga gidaje a jere, kowane harafi da gidansa da lambarsa ta Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta. Namu a warwatse suke: ɓ yana 0253, ɗ yana 0257, can cikin alamomin masana furuci, ƙ yana 0199, ƴ yana 01B4. Manyan kuma Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198, Ƴ 01B3. Duka takwas wayam na tarar da su. Lambar nan abin kiyayewa ce. Akwai tsofaffin zubin Hausa da suka yi yawo a ofisoshi waɗanda aka ɗora ɗ a gidan wata alama dabam. A injin mai shi rubutu lafiya lau, da an tura wa wani sai ya watse.

Na kwafo d na sa a gidan ɗ, na yanke kan sandar. Gefen harafi a kwamfuta ɗigogi ne, kowane ɗigo da hannuwa biyu da ake ja don a lanƙwasa layi. Ƙa'idar da Malam ya nanata ita ce ɗigo kaɗan, a sa shi a ƙurewar lanƙwasa, hannuwansa a tsaye ko a kwance. Ɗigo ya yi yawa, lanƙwasa ta yi ƙulu-ƙulu. Sai tambayar wace irin ƙugiya. Ya ce, “Kada ki ƙago. Tambayi f. Tambayi r da c da j. Su za su gaya miki yadda zubin nan yake ƙare lanƙwasa.” A nawa, kan f yankan tsaye ne, ba ƙwallo ba tsini, don haka ƙugiyoyina ma haka za su ƙare. Amma ba a ciro kan f a dasa yadda yake. Na f yana da sarari a ƙarƙashinsa, na ɓ kuwa ciki ne a ƙasansa, na ƙ hannu ne. A zubi mai kauri, filin da ke tsakanin layin tsakiya da na sama ɗan kaɗan ne. Sandar zubina kaurinta 180 ne in an raba tsayin gidan harafi kashi 1000. In ƙugiya ta riƙe wannan kaurin har ƙarshe, farin da ke tsakaninta da cikin ɓ toshewa zai yi. Sai na rage ta a wuya, yadda alƙalamin Kawu ya yi da kansa, na ɗaga ta ta ɗan haura layin sama.

ɗ shi ne mai rigima. Ƙugiyarsa ba a kansa take zama ba, kan maƙwabci take leƙawa. In a ko o ko u ne ke biye da shi, sama fili ne, babu damuwa. In i ne, ƙugiya da ɗigon i sai su yi karo su zama dunƙule guda. Ga Hausa cike da wannan haɗuwar: kuɗi, daɗi, faɗi, ɗinki, ɗiya. In na buɗa gefen damar ɗ don i ya samu wuri, sai “ɗa” ya rabe biyu, rami ya buɗe a tsakiyar ɗaki da ɗari. Mafita biyu na haɗa. Na gajarta ƙugiyar iyakar yadda za a ci gaba da gane ta, sannan na rubuta wa zubin umarni na musamman cewa duk inda ɗ ya gamu da i a ƙara tazara kaɗan, a sauran wurare a bar ta. Haka na bi ɗɗ da ƙƙ da ɓɓ, da ƙw da ƙy. Na tara kalmomin gwaji a shafi guda, waɗanda babu mai zanen Turai da zai taɓa tunaninsu: haɗaɗɗe, miƙaƙƙe, ɓaɓɓake, ƙyanƙyashe, ƙwanƙwasa, ɗanɗano, ɗaiɗai, ƴaƴa. Duk gyaran da na yi sai in sake fitar da shafin in duba.

Manyan ba su ja ni da nisa ba. Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu hagu take, don haka in suka zo farkon layi sai su tura jikin harafin ciki, gefen shafi ya yi kamar ya karye. Na rage musu fili ta hagu ƙugiyar ta ɗan leƙa waje. Ƙ hannunsa na sama ne ke lanƙwashewa, kuma in lanƙwasar ta yi kaɗan K ne kawai za a gani. Ƴ wasu zubin suna sa masa ita ta hagu, ni dama na sa, ya dace da ƙaraminsa.

Duk wannan a tsakiyar bazara aka yi shi, rana tana haura digiri 40, kwamfuta tana huci tana kashe kanta, wuta tana zuwa tana tafiya. Na mayar da zane bayan sallar asuba. Da rana kuma in kai gwaji wurin mai fotokofi, in manna a bangon zaure, in ja da baya in duba. Allon kwamfuta yana rufa wa harafi asiri, takarda ba ta yi. Tawadar inji tana ɗan bazuwa, farin da ya isa a allo sai ka ga ya cushe a takarda.

Da Malam ya ce haruffan sun zauna, sai na kai shafuka ajin Yaya, don gani ya kori ji. Aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar, aka raba. Wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ko dala ba ta ɓace mata a lissafi, ta ɗora yatsa a kan kanun da ke cewa “Ranar ɓarar gyaɗa”. Ta karanta kalmar farko, ta tsaya.

“Ɗiyata, me shida take yi a tsakiyar magana?”

Na ce, “Inna, ba shida ba ce, ɓa ce.”

“To ni dai shida na gani. Ga ta nan.” Ta kwance bakin zane ta ciro ƴar wayarta, ta nuna mini maɓallin.

Biyu daga cikin matan suka ce su ma haka suka gani. Mu a aji babu wanda ya lura, don mu mun san Hausa ba ta sa lamba a cikin kalma, idonmu yana gyara mana kafin mu ankara. Su kuwa lambobi suka fara sani, a jikin kuɗi da waya, shekaru kafin baƙaƙe. A zubi mai kauri marar ƙafa, wato marar ƴan layukan da ake ƙarawa a ƙarshen sanda, ɓ mai zagayayyen gindi da faffaɗar ƙugiya 6 ne sak. Abin lura, ɓ ɗin da ke cikin jikin labarin ba ta yi tuntuɓe a kansa ba. Na koma na jera ukun a allo, nawa da na Andika da lamba 6, na ƙara musu girma har suka cika fuskar kwamfuta. Shida bayanta a gantsare yake tun daga sama har ƙasa. ɓ dole bayansa ya miƙe sambal, ya daɗe a miƙe kafin ya lanƙwasa, kuma ya sauka a kan kusurwa, ba a kan da'ira ba. Na tsawaita miƙaƙƙen wurin, na tsuke ƙugiyar, na fito da dunduniyar sandar a ƙasa ta hagu. Mako na gaba Inna ta karanta kanun ta wuce ba ta tsaya ba, ni kuma ban ce mata an canza komai ba, don abin da nake son ji ke nan.

A ganina wannan gwajin ya kamata ya zama wajibi ga duk mai tsara takardar da talakawa za su karanta, ta rigakafi ce ko ta zaɓe ko ta taki. Ana buga dubbai ba a taɓa miƙa wa mutum ɗaya daga cikin masu ita ya karanta a gaban mai tsarawa ba.

Shafukan a Scribus na jera su. Na kashe yankan kalma a ƙarshen layi, don manhajar da ƙa'idar Faransanci take yanka, sai ta raba t da s a hatsi, ko s da h, alhali a Hausa baƙi ɗaya ne. Na jingina rubutun hagu na bar dama ta sake. Littafin shafi 16 ne, A4 a ninke biyu, takarda huɗu gaba da baya. Duk littafin da za a ninke a ɗinke a tsakiya, shafukansa sai sun rabu da huɗu. Jerin bugun kuma ba na karatu ba ne: 16 yana zama kusa da 1, 2 kusa da 15, 14 kusa da 3, kowane biyu in ka haɗa su ba ka 17. Sai da na ninke fararen takardu na rubuta musu lamba na warware, sannan abin ya zauna mini.

Bango shi na fi jin daɗinsa. Matan da yawa sun fi sakewa da ajami, don haka na so sunan littafin ya fito da rubutu biyu. Akwai zubin ajami mai suna Alkalami da SIL ta yi a kan salon rubutun Kano, da ɗigon fa a ƙasa da na ƙaf guda a sama yadda muka koya a Warshu, kuma yana da kyau. Amma na fi son hannun Kawu. Ya rubuta a farar takarda da tawadarsa, na ɗauka da sikana, na bi gefensa a manhajar Inkscape, ban goge ƴan rawar da kara ya yi ba. A ƙasa na sa bokon da zubina, na daidaita kaurinsu har ba wanda ya danne wani. Kewayen kuma na ɗauko daga zanen da magina suka yi a fuskar wani tsohon gidan Zango, na rage shi ya zama layi ɗaya siriri.

A maɗaba'a maigidan wurin da manhajar CorelDraw yake aiki, kuma tambayarsa ta farko ita ce ko na mayar da haruffan sun zama zane, don ya sha ganin haruffa sun canza a injinsa. Na ce PDF ne, zubin yana ciki a ƙunshe. Ya buɗe, ya ƙara girma, ya bi layi-layi. Ya sa na mayar da baƙin rubutun baƙi zalla, ba haɗin launi huɗu ba, don in farantan launi suka ɗan goce gefen ƙananan haruffa sai ya yi inuwa. Ya kuma sa na ƙara milimita 3 a kewayen bangon saboda wuƙar yanka. Aka fitar da guda ɗaya, muka ninke, muka duba lambobin shafi, sannan aka saki sauran. Ni da yaron shagon muka ninke muka buga musu ƙusa bibbiyu a tsakiya.

Ranar gabatarwa Malam ya ɗauki littafin ya juya shi ƙasa ta koma sama, ya kanne ido, ya daɗe. Ya nuna mini tazarar da ke tsakanin Ƙ da w ya ce ta yi yawa, ya ce wutsiyar ƴ da ƙugiyarsa suna jan ido wuri biyu, in rage ɗaya. Ya kuma tuna mini cewa nauyi ɗaya kawai na yi. Zubin yana da siriri da matsakaici da na karkace, kowanne yana jiran nasa takwas ɗin. Yaya kuma ta riga ta kawo rubutun littafi na biyu, na lissafin adashi da ciniki ne, inda 6 da ɓ za su zauna a layi ɗaya, 1 da l ma haka. Yanzu lambobin nake sake zanawa, na fara da shida.